Ragon Uda Gaban Kyamara: Darasi Kan Gwada Kyawun Hoto

Wani dattijo daga cikin ɗalibanmu na ajin yamma a Kelle ya zo ran nan da wayoyi biyu a aljihun rigarsa, ɗaya tasa, ɗaya ta ɗansa. Rago gare shi na sayarwa, dillalin kuwa yana can Damagaram, ya ce ba zai yi magana ba sai ya ga hoto. Aka ɗauka da wayar uban, gaban ragon ya fito baƙi ƙirin, ko ido ba a gani. Aka ɗauka da ta ɗan, ido ya fito, amma ragon ya yi furu-furu kamar wanda ya yi birgima a toka.

"Malam, ka raba mu," in ji dattijon. "Yaron nan ya cika mini kunne, wai tasa mega 50 ce, tawa 13. To ga babba ga ƙarama, ba wadda ta nuna ragona."

Na ce, "Baba, wane irin rago ne?"

Ya ce, "Uda."

Na ce, "Ashe darasin yau ka kawo mana a aljihu."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kutus ya san ragon Uda. Daga kai zuwa tsakiyar jiki baƙi ne ko ja mai duhu, daga nan zuwa wutsiya fari fat, kamar an tsoma rabinsa a marina an fasa. Ba dabbar da ta kai shi wahalar da kyamara. In ta gyara wa farin, baƙin ya nutse. In ta gyara wa baƙin, farin ya ƙone. Kyamarar da ta fito da gashin gaba da na baya a hoto guda, da rana tsaka, ta ci jarrabawa ko nawa aka rubuta a kwalinta. Abin da za mu koya ke nan: me ke sa hoton wata kyamara ya fi na wata, da yadda mutum zai gwada da idonsa maimakon ya dogara da bakin mai shago.

Mece ce mega?

Kowa ya fito da wayarsa ya buɗe hoto, ya sa yatsu biyu ya buɗa shi, ya ƙara buɗawa har ya ƙi gaba. Za ku ga hoton ya fara watsewa ya koma ƙananan ɗigogi, kowane da launinsa guda. Kamar saƙar tabarma ce: daga nesa zane kake gani, in ka sunkuya sai ka ga kaba ɗaya-ɗaya. Kowane ɗigo shi ake kira fiksel. Ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel, wanda ake rubutawa MP a jikin kwali, mu kuma muka taƙaita muka ce mega. Kada a haɗa ta da megar da muke saye wajen mai kati don shiga intanet. Waccan mudun auna kaya ce, wannan ƙidayar ɗigo ce, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ga lissafin. Hoton da ke da ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, in an ninka, ɗigo 12,000,000 ke nan, wato mega 12.

Kyamarar hannu ta farko da ta ɗauki hoto da irin waɗannan ɗigogi maimakon fim, wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka mai suna Steven Sasson ne ya haɗa ta a 1975. Ɗigo 100 ne a kwance, 100 a tsaye, duka-duka 10,000, baƙi da fari. Nauyinta kilo 3 da rabi da ɗan ɗori, nauyin jariri sabon haihuwa, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama zuba hoto ɗaya a kaset. A shekarar 2000 kamfanin Sharp ya fitar da wayar hannu mai kyamara a Japan, mai ɗigo 110,000. A 2012 Nokia 808 ta zo da mega 41, a 2023 kuma Samsung ya sa mega 200 a waya. Amma ku lura da wannan: daga 2015 har 2021 babbar kyamarar wayoyin iPhone ba ta wuce mega 12 ba, alhali a ƙarshen shekarun nan kasuwa cike take da wayoyi masu 48 da 64, kuma ba wanda ya ce hoton iPhone ne koma baya.

To ɗigo nawa mutum ke bukata? Mai wanke hoto mai kyau yakan zuba ɗigo kusan 120 a kowane santimita. Hoton da muka saba sakawa a albam, mai santimita 10 da 15, yana bukatar 1,200 sau 1,800, wato 2,160,000, mega 2 da ƴan kai. Ɗan hoton katin shaida, mai santimita 3 da rabi da 4 da rabi, ko rubu'in mega bai kai ba. Cikakkiyar takardar ofis, wadda ake kira A4, ba ta cin mega 9. Ke nan wayar Baba mai 13 ta wadatar da duk abin da zai taɓa wankewa a Gure. Matsalar ragonsa ba ta ƙarancin ɗigo ba ce.

Gona ɗaya, magada da yawa

Bayan gilashin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai jin haske, masu gyaran waya na ce masa sensa. Shi ya maye gurbin fim. Waɗanda suka fara ƙirƙiro irinsa a 1969, Willard Boyle da George Smith, sai bayan shekara 40 aka ba su kyautar Nobel a kansa, a 2009. A kan farantin nan ɗigogin suke jere, kowane yana tarar hasken da ya faɗo masa.

Ku ɗauki farantin a matsayin gona, haske kuma ruwan sama. Mutum ya rasu ya bar gona ɗaya. In magada 12 ne, kowa ya sami abin da zai noma ya ci. In 108 ne, gonar ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba, rabon kowa ne ya ƙanƙance. Haka mega take. Yawanta yawan magada ne, girman faranti shi ne girman gona, shi ne kuma abin da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali ba.

Farantin babbar kyamarar masu sana'a, irin manyan na Canon da Nikon da Sony, milimita 36 ne da 24. Ku ninka: 864. Na yawancin wayoyin da ke hannunmu kimanin milimita 6 ne da 4 da rabi, wasu ma ba su kai ba, wato wajen 27. Bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Babbar gonar ta ninka ƙaramar sau 30 da wani abu.

Da rana, lokacin da haske ya yi yawa, wannan bambanci yakan ɓuya, kamar yadda shekarar damina mai albarka kowa ke cika rumbu. Bari magariba ta yi. Ɗigon da ya tari haske kaɗan ba shi da abin faɗa, sai waya ta ƙara masa murya da ƙarfin lantarki. Wanda ya taɓa kama tasha mai nisa a gajeren zango ya san abin da ke biyo baya: ka ƙara murya, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan shuuu shi ne tsaki-tsakin da kuke gani a wuraren duhu, ja-ja da kore-kore, kamar an watsa dusa.

Ni kaina na sha wannan. Shekarun baya na shiga wani shago a Damagaram na zaɓi waya saboda lambar da na gani a kwali, ban ko kunna kyamarar ba. Mako biyu bayan nan aka yi sunan ɗiyar ƙanena, da sassafe bayan asuba, a zaure. Na yi ta ɗauka ina jin kaina. Da na zauna dubawa, liman da masu raba goro duk sun zama inuwoyi cikin dusa. Hoton da ya rage mana na wannan rana, wani yaro ne ya ɗauka da tsohuwar wayar da allonta ya tsage.

Masu ƙera waya sun san da wannan, shi ya sa suka yi dabara: suna haɗa magada su yi gandu. Ɗigo huɗu maƙwabta su zuba abin da suka tara wuri ɗaya su zama ɗigo guda. Saboda haka waya mai mega 48 hoton mega 12 take ba ka in ba ka canza mata saiti ba, mai 50 ta ba ka 12 da rabi, mai 108 kuma takan haɗa tara-tara ta koma 12. Dabara ce mai kyau, ba zamba ba ce. Amma da muka buɗe bayanin hoton ragon a wayar ɗan Baba, mega 12 da rabi muka tarar. Uban ya dubi ɗan ya ce, "Kai, ashe ma na fi ka da rabi." Aji ya ɗauki dariya.

Akwai kuma wata lamba da ta fi mega amfani, mai farawa da harafin f, kamar f/1.8 ko f/2.4. Ita ce faɗin tagar da haske ke shigowa. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba, babbar taga. Mai f/2 tana shigar da ninki biyu na hasken da mai f/2.8 ke shigarwa. Idanun da ke jere a bayan waya kuwa, uku ko huɗu, kada su ruɗe ku. A wayoyi masu sauƙin kuɗi ɗaya ce ke aikin, sauran sau da yawa ƴan rakiya ne masu mega 2. Ku rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kuna kallon allo, za ku gane wadda ke gani.

Farar riga, baƙar fata, farin rairayi

Kyamara ba ta san abin da ke gabanta ba. Hasken wurin gaba ɗaya take aunawa ta nemi tsaka-tsaki. Ku tsayar da mutum ranar Idi, da farar babbar riga da farin rawani, bayansa rairayi yana ƙyalli, sama kuma fari da hazo. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta tsuke ido. Riga ta fito da aikinta tsaf, fuskar mai riga ta zama rami. Abin da ya sami gaban ragon Baba ke nan.

Wannan ciwo ya girme wayar hannu. Tun zamanin fim, daga shekarun 1950, Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita launin injinsu da fatarta. Wata mai bincike a jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka fara gyara fim don launuka masu duhu har da ƙorafin masu tallar cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hoto. Ku ji fa, katako ya riga mu samun mai kai kuka.

Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gane wannan giɓi da wuri, ya saita kyamarorinsa don su riƙa fito da baƙar fata. Yana daga cikin dalilan da suka sa wayoyinsa suka mamaye kasuwannin Afirka. Google ma ya bi sahu a 2021 da wayarsa Pixel 6. Wannan ci gaba ne. Amma a nan nake so ku buɗe ido, domin fito da fuska daban, canza ta daban. Wasu wayoyin ba haskaka fuska suke yi ba, wanke ta suke yi, mutum ya fito fari-fari kamar mai jinya. Wasu kuma suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali. Wata baiwar Allah a ajin mata ta nuna mini hoton kakarta, tsohuwa mai tsagar gado a kumatu. Wayar ta ɗauki tsagar a matsayin aibi ta shafe ta, ta share tamojin goshi, ta bar wata mata sumul da ba wanda ya sani a gidan. Ta ce, "Malam, kyau kam ta yi, amma ba Iya ba ce." A ganina kyamarar da ta yi haka ta faɗi, ko da mai hoton ya ji daɗi. Hoton katin shaida da aka yi wa irin wannan gyara kuwa, ana iya mayar maka da shi.

Dalilin duk wannan shi ne wayar zamani ba ɗauka kawai take yi ba, har da ƙira. In ka danna sau ɗaya, takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, wani da haske wani da duhu, ta ɗebi farin daga wannan, baƙin daga wancan, ta ɗinke. Shi ne abin da aka rubuta HDR a allo, kuma shi ne maganin ragon Uda in wayar ta iya. Saitin dare ma haka yake aiki, shi ya sa take cewa ka tsaya cik. Amma ɗinki yana son abin da ba ya motsi. In rago ya juya kai ana cikin ɗauka, sai ka ga kunne biyu a gefe ɗaya. Sannan don ta ɓoye tsaki-tsaki, waya takan goge hoton, garin gogewa ta tafi da gashin dabba, fata ta koma kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Mai sayen rago kuwa gashin yake son gani.

Yadda ake gwaji

Alƙali ba ya sauraron mai ƙara yau, wanda ake ƙara bara. Kyamarori biyu ma sai an tsayar da su gaban abu ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Hoton da wani ya ɗauka a Yamai da damina ba ya zama hujja a kan wanda ka ɗauka a Kelle da hunturu.

Kafin komai a goge gilashi. Kada ku raina wannan. Iskar hunturu da ke kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ba ta bar waya ba, ga maiƙon yatsa, ga aljihun da ake zuba goro. Wayoyi da yawa da ake zagi ba abin da ke damunsu sai datti. A fara hurawa da baki, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Wanda ya goge ba tare da ya hura ba, da rairayi yake kankare gilashinsa, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Alamar gilashi mai maiƙo ita ce fitila ta yi wutsiya a hoton dare.

Sai a kashe gyaran fuska da duk wani rinin launi, a kashe fitilar kyamara, a yi amfani da kyamarar baya, kada kuma a jawo hoto. Mutum ɗaya ya ɗauka da duka wayoyin, yana tsaye a sawu ɗaya, ya matse gwiwar hannu a jiki. Kowane abu a ɗauke shi sau uku a zaɓi mafi kyau, domin hannu kan yi rawa.

Me za a ɗauka? Abin da kai kake ɗauka a rayuwarka. Mai kiwo ya ɗauki dabba, in da hali Uda. Mai saƙa ko ɗinki ta shimfiɗa hajarta ta duba ko jan da ke hannunta shi ne jan da ke allo, domin wasu wayoyin kan zuga launi, mai saye ya ga kaya ya ce ba su ba ne. Kowa kuma ya ɗauki fuskar mutum mai farar riga, da shafin takarda mai ƙananan rubutu, irin takardar haihuwa ko ta asibiti da ake yawan cewa a turo. A ƙara da abu mai motsi, yaro yana gudu ko akuya.

A yi wannan sau uku a yini: da hantsi, da rana tsaka, da kuma bayan faɗuwar rana ko cikin ɗaki. Da hantsi kusan kowace waya gwana ce, kada ku yanke hukunci a nan. Rana tsaka ke nuna wadda ta iya riƙe fari da baƙi tare. Almuru ke tona girman gona.

Wajen dubawa ne aka fi yin kuskure. Kowa yakan kalli hotonsa a wayarsa, alhali allon ma yana da nasa son kai: wani allon yana da haske da zafin launi, ya sa hoto maras kyau ya yi armashi. Dole a tara hotunan a allo ɗaya. Kuma a kula da hanyar da za a tura su. WhatsApp yakan matse hoto don ya rage cin mega, hoton mega 12 ya isa bai kai mega 2 ba. Tun 2023 an sa wani maɓalli mai alamar HD da ke rage matsin, amma in ana son hoto ya isa yadda yake, a tura shi ta inda aka rubuta Document, ko ta Bluetooth in ana kusa. Wannan ya shafi mai sayar da dabba kai tsaye: in dillalinka na Damagaram ko na Maigatari zai buɗa hoto ya duba haƙori da kofato, tura masa ta Document, ko da za ta ɗan fi cin kuɗi.

In an tara, sai a ba wani wanda bai san wace waya ta ɗauki wane ba. Mutum ba ya ganin laifin abin da ya saya da kuɗinsa. Mai dubawa ya fara kallon hoton gaba ɗaya: launin fatar shi ne na mutumin? Aikin rigar ya fito ko ya zama farin fili? Sannan ya buɗa, ya duba ido da gashin gira, ya gangara kusurwoyi huɗu, domin gilashi mai arha tsakiya yake gyarawa ya bar gefe dishi-dishi. A takarda, ya karanta layin ƙarshe na ƙasa. In ya karantu, kyamarar ta yi.

Jawo hoto kuwa iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda gilasai ke matsawa su kusanto da abu da gaske. Akwai na yanka, inda waya ke yanko tsakiyar hoto ta kumbura shi. Yawancin wayoyinmu na biyun suke yi. Ku fita bayan gari ku auna ɗaya daga duwatsun Kutus, ku jawo har ƙarshe, za ku ga dutse ya koma kamar curin fura. In ƙafa za ta iya kai ka kusa, taka.

Babbar kyamara fa?

Tana da ranarta. Taron biki da dare, sukuwar dawaki ko tseren raƙuma, hoton da za a wanke babba a rataye a bango, abu mai nisa da ba a iya kusanta: a nan babban faranti da gilashin gaske ba su da abokin karawa. Wanda zai mai da ɗaukar hoto sana'a, ko ta hannu ce ya nema. Tsohuwar babbar kyamara mai mega 12 ko 16 takan kayar da sabuwar waya mai 108 in duhu ya shiga kuma abu yana motsi. Sai dai tana son hannun da ya koya, ba ta cika yin ɗinkin nan da waya ke yi da kanta ba, kuma a ƙasarmu duk sanda aka cire gilashi don a canza wani, ƙura na samun ƙofa ta zauna a kan faranti, ta riƙa fitowa baƙin tabo a wuri ɗaya a kowane hoto. A canza gilashi cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zane a bayan mutum. Yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma in ka dube su za ka ga baƙar fata da ƙyallinta, ka ga zaren riga. Ya san inda zai tsayar da mutum ne.

Mu ma abin da muka yi wa ragon Baba ke nan washegari. Muka janye shi daga tsakar rana muka kai shi inuwar bango, inda haske ke shigowa ta gefe. Ɗan ya durƙusa daidai tsayin ragon maimakon ya ɗauka daga sama, abin da ke sa dabba ta yi ƙaton kai da ƙananan ƙafafu. Ya taɓa allo a kan baƙin wuyan don waya ta auna haske daga nan. Muka ɗauka da duka biyun, a inuwar da kuma da magariba, muka tura wa wata waya ta uku, muka ba wani ɗalibi da bai san komai ba. A hoton inuwa ya kasa bambancewa. A na magariba ya zaɓi ta ɗan. A launin gashi ya zaɓi ta uban.

Aikin gida

Ku haɗu bibbiyu, kowa da wayarsa. Ku zaɓi abu uku: fuskar mutum mai fararen kaya, bayan kun nemi izininsa, da shafi ɗaya na littafi, da dabba ko hajar sana'arku. Ku ɗauke su da hantsi, da rana tsaka, da bayan magariba. A littafin rubutu ku ja layi uku a tsaye da uku a kwance, a kowane gida ku rubuta wayar da mai dubawa ya zaɓa da dalilinsa cikin jimla ɗaya.

Sannan ku yi wannan lissafi. Hoto yana da ɗigo 3,264 a kwance da 2,448 a tsaye: mega nawa ke nan, kuma zai isa a wanke shi santimita 10 da 15? Waya mai mega 64 tana haɗa ɗigo huɗu-huɗu: hoton mega nawa take bayarwa? A ƙarshe kowa ya buɗe bayanin wani hoto a wayarsa, ya kwafo lambobin kwance da tsaye, ya ninka, ya zo mana da amsar tare da lambar da aka rubuta a kwalin wayar, in kwalin yana nan.